Rugugin Jirgin Sama: Mafarinsa da Maganinsa



Duk wanda ya taɓa kwana a unguwannin da ke maƙwabtaka da filin jirgin saman Kano, musamman lokacin jigilar alhazai, ya san abin da zan yi magana a kai. Jirgi na tashi sai tagogi su ɗauki rawa, jariri ya farka, mai karatu ya rufe littafi. Shin daga ina wannan rugugi yake?

Da yawa sun zaci ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. A'a, akasarinsa aikin iska ne. Inji yakan feso iska mai zafi ta baya da matsanancin gudu, ta tarar da iskar waje, su hautsine. Wannan hautsini shi ke isowa kunnuwanmu.

A 1952 wani masanin lissafi na Jami'ar Manchesta a Ingila, James Lighthill, ya nuna cewa idan aka ninka gudun iskar nan sau biyu, ƙarfin ƙarar zai ninku har sau 256. Ashe in an rage gudun kaɗan, ƙarar za ta ragu ƙwarai. Dabarar ke nan: a tura iska mai yawa a hankali, maimakon 'yar kaɗan da gaggawa. Sannu ba ta hana zuwa. Jirgin Boeing 747, da ya fara ɗaukar fasinja a 1970, ya zo da injuna masu babbar fanka a gaba, inda kusan kashi 5 cikin 6 na iskar ke kewaye wurin ƙona mai. Boeing 787 kuwa, a 2011, an yanka bayan murfin injinsa kamar haƙoran zarto, don iskokin su gauraya cikin lumana.

Da inji ya sassauta murya, sai ta fukafuki ta fito fili. Lokacin sauka ana rage wa inji wuta, a buɗe faifan fukafukai, a sauko da tayoyi, iska kuma ta yi ta kuka a jikinsu. Yanzu akan ƙiyasta wannan ƙara da kwamfuta, a auna ta a ɗakin gwajin iska, tun ba a ƙera jirgin ba. Har mujiya, wadda muke camfawa, ta zama malama: bezar da ke gefen gashin fukafukinta na cikin abin da ke sa ta shawagi ba a ji, injiniyoyi kuma suna kwaikwayonta.

Amma injiniya kaɗai ba zai iya ba. Tun 1971 hukumar jiragen sama ta duniya ta ƙayyade ƙarar da jirgi zai yi, sai dai ba ita ke rabon filaye ba. Cikinku akwai waɗanda gobe za su zauna a ofishin tsara birni. In an kawo muku takardar gina makaranta ko asibiti a ƙarƙashin hanyar jirgi, ku tuna rigakafi ya fi magani kafin ku sa hannu.