Tsohon Layin Dogo Ya Zama Hanyar Masu Ƙafa Da Masu Keke

Jawabin da aka gabatar a taron wakilan ikilisiyoyi kan ayyukan raya ƙauyuka

Na san da yawa cikinmu da ƙafa ko a keke muka iso nan. Mun kuma san fargabar da mutum ke ji in yana tafiya a gefen kwalta, ga kaya a kai, ga yaro a hannu, babbar mota ta wuce shi da gudu. Shi ya sa yau zan ba ku labarin wata hanya a ƙasar Ingila.

Tsakanin biranen Bristol da Bath akwai layin dogo da ya daɗe yana aiki. A 1966 aka daina ɗaukar fasinja a kansa, daga baya aka kwashe ƙarafan, ciyawa ta cinye wurin. A 1977 wasu mutanen Bristol suka kafa ƙungiyar masu keke, wadda daga baya ta yi suna da Sustrans. Cikinsu akwai wani injiniya, John Grimshaw. Suka nemi izini, suka soma aiki a 1979, kuma masu aikin sa kai ne suka shimfiɗa sashen farko. A 1986 aka kammala hanya mai tsawon mil 13, wato kusan kilomita 21. Har yau ma'aikata da 'yan makaranta da masu keken guragu suna bin ta, ba mota a kanta.

Me ya sa suka zaɓi tsohon layin dogo? Dalili biyu ne. Na fari, jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsini, saboda haka magina sun riga sun fasa tudu, sun cike kwari, sun gina gadoji. Aikin da ya fi tsada an riga an yi shi. Abin da ya rage shi ne a sassabe, a baje tsakuwa, a yashe magudanar ruwa, a duba lafiyar gadoji, a kafa shinge a mashiga don kada mota ta shigo. Na biyu, filin a haɗe yake daga wannan gari zuwa wancan, bai yanke ko'ina ba.

Wannan na biyun shi ne zuciyar maganata. Darajar irin wannan fili tana cikin haɗuwarsa. In mutum ɗaya ya gina gida a tsakiya, wani ya ja gonarsa ta cinye taku ashirin, hanyar ta mutu, ko da sauran kilomita ashirin suna nan lafiya. Mutanen Amurka sun gane haka. A 1983 suka yi doka wadda ta ba da dama a ajiye layin da aka daina amfani da shi ba tare da an yayyanka shi ba. Jama'a su riƙa bi da ƙafa da keke, in kuma wata rana aka bukaci jirgi, a maido shi. Ko a Bristol ɗin ma sai da aka tsaya. A 2008 aka fito da shirin sa motocin safa a wani sashe na hanyar, jama'a suka fito suka ƙi, aka ajiye shirin.

Mu ma muna da tarihin rufe layi. Ƙaramin jirgin da ya tashi daga Zariya ya isa Jos a 1914, yana kwasar kuza. Bayan babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, sai aikinsa ya yi ta raguwa, har aka rufe shi a 1957. Wanda ƙauyensu ke kusa da inda ya bi, ya tambayi tsofaffi, su nuna masa abin da ya saura.

Amma ku ji gargaɗi. Layin da jirgi ya daɗe bai bi ba, ba shi ne layin da aka rufe ba. Filin layin dogo yana hannun Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya. Kada kowa ya taɓa ƙarfe ko tsakuwa, kada kuma mu bar yara su mai da kan dogo hanya ko wurin wasa. Mutanen Bristol da takarda suka fara, kafin su ɗauki shebur.

To, me za mu koma gida da shi? Ko ƙauyenku ba shi da dogo, yana da tsohuwar hanyar ƙafa da ke zuwa rijiya, ko makaranta, ko asibiti, wadda gonaki ke matse ta kowace damina. Ga abin da nake roƙo:

1. Ku bi hanyar da ƙafa daga farko har ƙarshe, maza da mata, ku rubuta inda ta toshe da inda ruwa ya cinye.
2. Ku binciki mai filin, ku zauna da mai unguwa da dagaci da masu gonakin da ke gefe, Kirista da Musulmi duka, gama kowa ne zai bi.
3. Ku sami izini a rubuce.
4. Ku fara da ɗan sashe, da diga da shebur da baro, kafin ruwa ya sauka.
5. Ku sa wanda zai riƙa lura da ita, gama hanyar da ba a yashe magudanarta ba, damina ɗaya ta ishe ta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A taro mai zuwa, ina so kowane wakili ya zo da sunan hanya ɗaya da tsawonta.