Dogon Bene, Gajeren Lokaci



An nemi mu yi magana a kan jarrabawar Turanci ta baki, musamman wadda ake kira IELTS, wadda aka soma yinta a shekarar 1989, kuma jami'o'in Ingila da Ostareliya da Kanada da wasu ƙasashe suke neman sakamakonta kafin su ba baƙon ɗalibi gurbin karatu. Da yawa daga cikinmu sun tara kuɗin rajista da kyar, waɗansu ma sai da iyaye suka sayar da amfanin gona. Jami'o'i da dama suna neman maki 6.5 ko abin da ya yi kusa da haka daga cikin 9, kuma bisa al'ada sakamakon shekara 2 kawai yake aiki. Saboda haka wanda ya shiga ɗakin nan ya daburce, ya yi asarar kuɗi, wani lokaci har da shekara guda ta rayuwarsa.

Bari mu fara da yadda abin yake. Ɗalibi yana zama gaba da gaba da mai jarrabawa tsawon minti 11 zuwa 14, ana ɗaukar muryarsa. Kashi na farko tambayoyi ne a kan gida da aiki da karatu. A kashi na biyu za a miƙa masa takarda mai ɗauke da batu guda, a ba shi minti 1 ya yi tunani ya ɗan rubuta abin tunawa, sa'an nan ya yi magana shi kaɗai har zuwa minti 2. A kashi na uku mai jarrabawa zai ja shi da tambayoyi masu zurfi a kan wannan batu. Abubuwa 4 ake aunawa: gudanar magana da tsarinta, yawan kalmomi da iya sa su a muhallinsu, nahawu, da lafazi. A lura, babu sanin gine-gine ko tarihi a cikin waɗannan huɗu.

Mun zaɓi batun dogayen gine-gine ne domin yana cikin irin batutuwan da ɗalibai suke gwaji da su, kuma yana cikin waɗanda suka fi razana mutanenmu. Wanda ya tashi a garin da bene mai hawa 2 ma abin nuni ne, in aka ce masa ya bayyana wani dogon gini da ya burge shi, sai gabansa ya faɗi. Daga nan sai ya ruga intanet, ya samo amsar da wani ya rubuta a kan Burj Khalifa na Dubai, ya haddace ta kamar karatun allo: tsawonsa mita 828, hawa 163, an buɗe shi a 2010. Duk gaskiya ne. Amma mun sha ganin yadda irin wannan shiri yake ƙarewa a wurin gwaji. Ɗalibi zai zuba haddarsa ba ko numfashi, har ya ji daɗin kansa. Sai a tambaye shi ko zai yarda mahaifiyarsa tsohuwa ta zauna a hawa na 50, kuma don me. Nan take baki ya mutu, domin ba wannan ya haddace ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Masu jarrabawa kuwa an horar da su gane amsar hadda, kuma ba ta ƙara wa mai ita maki.

To, mene ne mafita? Ita ce mutum ya yi magana a kan abin da ya sani, ya gani da idonsa, ko ya ji daga bakin wanda ya gani. Babu wanda ya ce lalle sai ginin da ya fi kowane tsawo a duniya. Bakatsine yana da hasumiyar Gobarau. Ɗan Agadas yana da hasumiyar babban masallacin garinsu, mai tsawon mita 27, wadda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 16, itatuwa suna leƙowa daga jikinta, waɗanda magina suke takawa in za su yi yaɓe. Wanda ya yi bautar ƙasa a Ibadan ya ga Cocoa House, mai hawa 26, wanda aka gama a 1965 da kuɗin koko. Wanda ya ratsa Legas ya ga NECOM House, mai hawa 32, na 1979. Wanda ya sauke farali, ko mahaifinsa ya sauke, ya san hasumiyar agogo ta Makka mai tsawon mita 601, wadda take kallon Harami. Kowanne daga cikin waɗannan ya ishi minti 2, kuma mai maganar ba zai rasa abin faɗi ba in an juya masa tambaya, tun da yana tuna ranar da ya ɗaga kai ya dube shi, da wanda suke tare, da abin da ya ji a ransa.

Ga yadda muke ba da shawarar a kashe minti ɗayan nan na tunani. Kada a rubuta jimloli, lokaci ba zai isa ba. A rubuta kalmomi ƙalilan masu amsa tambayoyi huɗu: wane gini ne kuma a ina yake, yaya kamanninsa, me ake yi a cikinsa, me ya sa ya tsaya mana a rai. Na ƙarshen nan shi ne inda akasarinmu muke gazawa, mukan ƙare lissafin tsawo da hawa cikin daƙiƙa 40, sa'an nan mu yi tsit muna kallon mai jarrabawa. Alhali kuwa labari shi ne ke cika lokaci, shi ne kuma ke tilasta mana amfani da lokutan aiki iri iri na Turanci, wanda ya wuce da wanda ake ciki da mai zuwa, abin da mai auna nahawu yake saurare ke nan.

Kashi na uku yana neman ra'ayi da dalili. Za a iya tambaya: me ya sa birane suke gini sama? Amsar tana da kai da ƙafa. Fili a tsakiyar birni yana da tsada, saboda haka mai fuloti guda yana son ya ɗora ofisoshi masu yawa a kansa. Amma tsada kaɗai ba ta isa ba, sai da abu biyu suka samu. Na farko shi ne lif, wato ɗakin nan mai hawa da sauka da mutane, wanda jama'a suka amince da shi bayan Elisha Otis ya nuna birkinsa a birnin New York a 1854. Na biyu shi ne ƙashin ƙarfe mai ɗauke nauyin gini maimakon bango, irin wanda aka yi amfani da shi a wani bene mai hawa 10 a Chicago a 1885. Kafin a cika shekara 50 da wannan, sai ga Empire State mai hawa 102 a 1931. Wanda ya fahimci wannan dalili ba ya bukatar haddace shekarun, zai iya faɗinsa da nasa Turancin.

Haka kuma za a iya tambayar illolin zama a dogon bene. A nan ma muna da abin faɗi fiye da yadda muke zato. Mun san abin da ake nufi da a ɗauke wuta, saboda haka mun san halin wanda ke hawa na 15 in lif ya tsaya, famfo kuma ya ƙi tura ruwa sama. Mun ji labarin gobarar Grenfell a Landan a 2017, bene mai hawa 24, inda mutum 72 suka rasu. Mun tuna benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Nuwamban 2021 ana cikin gininsa, ya kashe fiye da mutum 40. Daɗin daɗawa, mun taso a gida mai zaure da tsakar gida, inda yara suke wasa a idon kowa, maƙwabci yana leƙowa ya ɗebi wuta. Mai iya kwatanta wannan zama da na mutanen da ƙofofinsu ke duban juna amma ba su san sunan juna ba, ya ba da amsar da babu littafin da zai ba shi.

Saura lafazi. Ba a neman mu koma Turawa, ana neman a fahimce mu ne ba da wahala ba. Harshenmu da kansa ya nuna mana inda za mu yi tuntuɓe. Dubi yadda muka ari sunan abin rubutu muka mai da shi fensir, wato harafin p ya koma f. Dubi burodi da sukurudireba, inda muka cusa wasula tsakanin baƙaƙen da Bature yake haɗawa a jere. Wannan daidai ne a Hausa, amma in ya bi mu cikin Turanci sai kalma ta rikiɗe. Maganinsa mutum ya ɗauki muryarsa a waya, ya saurara, ya fitar da kalmomi 10 da suke ba shi wuya, ya yi ta nanata su har bakinsa ya saba.

A ƙarshe, muna roƙon ƙungiya ta taimaka a kafa rukunoni na mutum 3: ɗaya mai tambaya, ɗaya mai amsa, ɗaya mai riƙe agogo da lura da kurakurai, a riƙa juyawa. Rabin sa'a kullum ta fi kwana uku na ƙarshe ba barci, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mai tambaya kada ya ji tausayin ɗan'uwansa, ya juya masa tambaya ta inda bai zata ba. Wanda aka gyara wa kuskure kuma kada ya ji kunya, gara a yi masa dariya a ɗakin kwanan ɗalibai da ya ga abin takaici a takardar sakamako. Mu da muka iya zama a dandali mu kwashe sa'a guda muna gardamar ƙwallo, ba magana muka rasa ba, sabo da yinta cikin Turanci muka rasa, shi kuwa sabo yau da gobe ke kawo shi.

Allah ya ba masu shiga jarrabawa sa'a, ya sa kuɗin iyaye kada su tafi a banza.