Mai Tambari a Goshin Mota Shi Ke da Alhaki



Wanda ya sayi kwarya guda ta doya a kasuwar nan ta Agyaragu, ya kai Kano ya tarar rabi ta ruɓe, wuyan dillali zai kama, ba zai shiga ƙauye neman manomi ba. Kamfanin mota ma dillali ne babba. Birki daga wata ƙasa, wayoyi daga wata, shi dai ya harhaɗa ya manna tambarinsa. Ko Fijo ta Kaduna, da ta fara aiki a 1975, akasarin kayanta a lokacin daga Faransa ake kawowa. Sayen kaya a waje ba laifi ba ne. Laifin shi ne abu ya lalace, mai tambari ya ce ba ruwansa.

A 2014 Aston Martin ta Ingila ta janye motoci 17,590, saboda wani ɗan kwangila a China ya yi amfani da jabun roba wajen ƙera totur. Wa ya zaɓi ɗan kwangilar? Wa ya kamata ya gwada kayan kafin a ɗaura?

Amma matsalar da ta fi shafar mu ita ce ta Takata, kamfanin Japan mai yin jakar iskar da ke cikin sitiyari. Don neman arha, ya cusa sinadarin amoniyam naitiret, irin wanda ake takin zamani da shi, a cikin gwangwanin da ke hura jakar. Shekaru na zafi da laima kan ɓata sinadarin, sai ranar hatsari gwangwanin ya tarwatse, ɓaraguzan ƙarfe su soki direba a fuska da wuya. Honda ta fara janye motoci a 2008. Mutum fiye da 20 suka mutu a Amurka kaɗai. A 2017 Takata ta amsa laifi, aka ci ta dala biliyan 1, ta karye. Honda da Toyota da Nissan da sauransu ne aka tilasta wa canza jakunkunan kyauta, domin su suka sayar.

To, ina tsofaffin motocin suke? Da yawa sun biyo jirgi zuwa Kwatano da Legas, suna nan suna zirga-zirga tsakanin Lafiya da Makurɗi, cikin zafin da kuka sani da damina mai jiƙa komai. Wasiƙar janyewa kuwa adireshin Ba'amurken da aka yi wa motar rajista da sunansa take zuwa.

Muna da hukumar SON mai kula da ingancin kaya, muna da hukumar FCCPC da dokar kare masu saye ta 2018. A ganina su ya kamata su matsa wa wakilan kamfanonin nan su gyara ko da motar 'yar Kwatano ce. Kafin nan, Malam bakanike, kwafi lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, a sa maka ita a shafin hukumar NHTSA ta Amurka. Kyauta ne, kuma zai nuna ko akwai gyaran da motar ke bin kamfaninta.