Tsohuwar Kwamfuta Ba Ta Mantuwa



Tsakanin 2000 da 2002, wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun bi shagunan kayan hannu da kasuwar eBay suka sayi faifan ajiyar kwamfuta 158. Guda 129 na aiki. A cikinsu 12 kacal aka share yadda ya kamata. Sauran kuwa suna ɗauke da wasiƙun mutane, da bayanan asibiti, da lambobin katin banki sama da 5,000. Ɗaya daga na'urar ATM ma aka ciro shi.

Masu waɗannan faya-fayan ba duka ne suka yi sakaci ba. Da yawansu sun goge, wasu har fomatin suka yi, suka kwanta da sanyin zuciya. A nan gizo ke saƙar. Idan ka danna gogewa, kwamfuta sunan fayil kawai take cirewa daga jerinta. Kamar mai gidan haya ne ya rataya allon "akwai ɗaki" alhali kayan tsohon ɗan haya na jibge a ciki. Sai ranar da sabo ya tare ake fitar da su. Kafin ranar, manhajar kyauta ta ishi yaron shago ya dawo da hotunan iyalinka da takardar albashinka.

Abin ya zo har ƙofar gidanmu, tunda nan ake juye gwanjon Turai da Amurka. A 2009 ɗaliban aikin jarida daga Kanada sun sayi faifai a Ghana kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilar tsaro na kamfanin Northrop Grumman. A 2022 hukumar SEC ta Amurka ta ci bankin Morgan Stanley tarar dala miliyan 35, domin ya damƙa tsoffin na'urorinsa ga kamfanin kwasar kaya, aka yi gwanjonsu da bayanan abokan hulɗa kimanin miliyan 15. Idan banki irin wannan ya faɗa ramin, ina ga ofishin da ke kiran 'yan gwangwan su kwashe sito a auna a sikeli?

A ganina ma'aikatu sun fi ɗaiɗaikun mutane laifi, don sirrin da suke zubarwa na wasu ne. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora musu alhakin, kuma alhakin ba ya faɗuwa don injin ya tsufa.

To, ga maganin: tsohon faifai mai juyawa, a bi shi da manhajar da ke rubutu a kan kowane saƙo nasa. Sabon nau'in SSD ba ya jin wannan magani sosai, domin yana da wuraren da manhaja ba ta kaiwa. Shi a kulle shi da manhajar BitLocker tun yana aiki, sannan a yi amfani da umarnin sharewa na kamfanin da ya ƙera shi. Kwamfutar da ta mutu ta ƙi tashi, faifanta sau da yawa lafiyarsa ƙalau. A kwance shi a farfasa kafin a kai gangar jikin titin Beirut a Kano.