Tambayar Lafiya a Fom ɗin Neman Aiki: Darasi daga Shari'ar Cheltenham

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kashi 15 cikin 100 na mutanen da suka isa aiki suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa da yawan fargaba. Da yawansu suna shan magani suna harkokinsu, ba wanda ya sani. Wannan takarda za ta duba gaɓar da aka fi tauye musu hakki, wato lokacin da fom ɗin neman aiki ya tambayi mutum tarihin lafiyarsa tun kafin a san abin da ya iya.

Abin da ya faru a Ingila

A 2002 ƙaramar hukumar Cheltenham ta ɗauki Christine Laird a matsayin babbar darakta. Kafin ta kama aiki ta cike fom ɗin lafiya, ta amsa cewa lafiyarta ƙalau, ba ta ambaci ciwon damuwar da ta taɓa yi a baya ba. Rigingimun ofis suka yi tsanani, ciwon ya dawo, a 2005 ta yi ritaya saboda rashin lafiya.

Sai hukumar ta maka ta a kotu tana neman diyyar kusan fam miliyan 1, bisa zargin ta ɓoye gaskiya. A 2009 Babbar Kotu ta kori ƙarar. Alƙali ya ce idan aka dubi yadda aka tsara tambayoyin, amsoshinta ba ƙarya ba ne, kuma ba yaudara ba ce.

Laird ta yi nasara, amma shari'ar ta fito da tsaka mai wuyar da masu wannan larura ke ciki. Idan sun faɗa, a ajiye takardarsu a gefe. Idan sun yi shiru, a zo daga baya a ce sun ci amana. Kuma tsoron nasu yana da tushe. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2021, an aika wa kamfanonin Norway takardun neman aiki masu cancanta iri ɗaya, sai dai wasu sun ambaci larurar ƙwaƙwalwa. Waɗannan sun samu ƙarancin kira zuwa ganawa da kusan kashi 27 cikin 100.

Shekara guda bayan hukuncin, Birtaniya ta kafa Dokar Daidaito ta 2010. Sashe na 60 ya hana tambayar lafiyar mai nema kafin a yi masa tayin aiki, sai a wurare ƙalilan, kamar don a shirya masa abin da zai buƙata ranar ganawa, ko don a tabbatar zai iya ainihin aikin. Amurka ta riga ta yi irin wannan hani tun 1990. Dabarar ita ce a fara auna cancanta, sannan a yi maganar lafiya. Idan aka janye tayin bayan an ji ciwon mutum, dalili ya fito fili, yana da hujjar zuwa kotu.

Ina Najeriya ta tsaya?

A kan takarda an yi nisa. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2021, ta maye gurbin dokar 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka.

Zukatan jama'a ne ba su bi sawu ba. Binciken Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa na 2005, a kan mutum 2,040 a kudu maso yamma, ya nuna kashi 96.5 cikin 100 suna ganin mai wannan larura haɗari ne, kashi 82.7 kuma suna tsoron ko hira da shi. Daga cikin irin wannan al'umma ake zaɓo masu tantance ma'aikata. A Kano, jin cewa mutum ya taɓa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau kawai ya isa a canja masa kallo, ko da ya warke da daɗewa.

Shawarwari

Na farko, Majalisar Tarayya ta sanya hani ƙarara irin na sashe na 60. Na biyu, takardar shaidar lafiya da ake nema daga asibitin gwamnati ta tsaya kan ko mutum zai iya aikin, sunan ciwo ya zauna a wajen likita. Na uku, Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2020, ta buɗe hanyar karɓar koke cikin sirri.

Shugabannin ma'aikatu da kamfanoni kuwa ba sai sun jira Majalisa ba. Ana roƙon su su duba fom ɗinsu, su cire tambayar tarihin lafiya daga matakin farko kafin ɗaukar aiki na gaba.