Wa Ke Zama da Ɗalibin Difloma?

 

Duk wanda ya bi hanyar Dutsin-Ma a Katsina da safe ya san taron da ake yi: masu zuwa Kwalejin Ilimi ta Tarayya, masu zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, masu wucewa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Maganata yau a kan kashi biyun farko take, 'yan NCE da 'yan difloma, tare da takwarorinsu na Kwalejin Isa Kaita a Dutsin-Ma da ta Yusufu Bala Usman a Daura. Da yawansu jami'a suka nema, maki bai kai ba. A 'yan shekarun nan JAMB ta sha ajiye mafi ƙarancin makin shiga kwalejoji a kan 100 cikin 400. Ma'ana, da saninmu muke ɗaukar yaron da ke buƙatar a riƙe masa hannu, sai kuma mu miƙa masa takardar rajistar kwasa-kwasai mu nuna masa allon sanarwa.

Na san za a ce ai akwai ofishin ba da shawara, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ambaci aikin tun tuni. Akwai shi. Ɗaki ne guda da ake tura yaro bayan an kama shi da satar amsa. Akwai kuma kodinetan aji, wanda a yawancin wurare aikinsa sa hannu ne a fom, ɗalibai sun yi layi har bakin ƙofa. Abin da nake nufi daban ne: malami ɗaya da ya san sunan ɗalibi, yana da sakamakonsa a gabansa, ya zauna da shi tun kafin ɓarna ta auku.

Ga irin ɓarnar. A tsarin hukumar NBTE, wanda ya gama ƙaramar difloma da matsakaicin maki 2.50 zuwa sama zai iya neman babbar difloma bayan shekara ɗaya ta sanin makamar aiki. Wanda ya tsaya ƙasa da haka shekara biyu ake nema daga gare shi, in ma an karɓe shi. Yaron da ya kammala shekarar farko da 2.40 yana da simesta biyu cif da zai gyara. Wa ya faɗa masa? Yawanci ranar karɓar sakamakon ƙarshe yake jin labari. Haka 'yar NCE da ta shafe shekara uku, ta zo neman shiga jami'a a aji biyu, a ce mata ba ta da kiredit a Lissafi ko Turanci, abin da za ta iya sake zama ta rubuta tun tana shekarar farko. Haka wanda shigarsa ba ta bi ta manhajar CAPS ba, wadda JAMB ta kawo a 2017, sai lokacin bautar ƙasa ya ji babu sunansa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar hazaƙa. Magana ce ta minti goma da ba a yi ba.

Yanzu bari in koma kan hujjar da abokan aikina suka gaji da ji daga bakina. A Amurka akwai kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu, su ne mafi kusa da namu: 'ya'yan talakawa, masu aiki da rana, masu iyali. A 2007 Jami'ar Birnin New York ta fara wani shiri da ake kira ASAP a irin waɗannan kwalejoji nata. Aka haɗa kowane ɗalibi da mai ba shi shawara guda, wanda ke riƙe da ɗalibai 60 zuwa 80 kacal, aka wajabta zama da shi sau biyu a wata a farkon karatu. Aka ba shi katin shiga jirgin ƙasa da bas, aka ba shi aron littattafai, aka cike masa giɓin kuɗin makaranta. Cibiyar bincike ta MDRC ta ɗauki ɗalibai kusan 900 a kwalejoji uku, ta raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya a cikin shirin, kashi ɗaya a tsarin da aka saba. Rahoton ya fito a 2015. Bayan shekara uku, kashi 40 cikin ɗari na 'yan shirin sun kammala, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 22. Ku lura, ƙuri'a ce ta raba su, don haka ba wanda zai ce an tsinci masu ƙoƙari ne. Kuma dukkansu masu rauni ne a Lissafi ko Turanci lokacin da suka shigo. Aka ce ai New York ce. Sai aka maimaita a kwalejoji uku na jihar Ohio, aka samu 35 da 19. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka ɗaure katin mota da zaman shawara: ka zo wurin malaminka, ka karɓi katinka na wata. Malaman aji su ne dai na da, jarabawa ita ce dai ta da.

Masu cewa ba mu da kuɗin Amurka, na ji. Mu yi lissafi a kan abin da muke da shi. A ce sashe yana da ɗalibai 400 da malamai 10. Kowa ya ɗauki 40. Zama biyu a simesta, minti 15 kowanne, awa 20 ke nan. A simesta mai mako 15 bai kai awa ɗaya da rabi a mako ba. Mun fi haka daɗewa a taron kwamiti da ba ya haifar da komai. Masu cewa ɗalibin babbar makaranta ai ba yaro ba ne, su tambayi kansu wa ya cike wa 'ya'yansu fom. Ɗan malami yana da mai ba shi shawara a gida, kyauta. Wanda ya taso daga Batsari ko Jibiya ko Safana, shi ne na farko a gidansu da ya wuce sakandare, wataƙila ma iyayen sun baro gari saboda 'yan bindiga, yana tuƙa keke napep da yamma, to shi wa zai tambaya? Abokin da ya riga shi faɗuwa. Matar aure da ta haihu a tsakiyar simesta ba ta san ana iya rubuta takardar jinkirta karatu ba, sai ta daina zuwa kawai, a rubuta mata faɗuwa a kwas takwas.

Ga shugabanni kuwa, rigimata da ku tsohuwa ce. Tun da TETFund ta samu sunanta na yanzu a 2011 muke ganin sababbin gine-gine, muna godiya. Amma gini ake yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto, shi ya sa ya fi farin jini. Ina roƙon hukumomin gudanarwa su sa awannin zama da ɗalibai cikin nauyin aikin malami a rubuce, su ƙirga su lokacin ƙarin girma kamar yadda ake ƙirga muƙala. Muddin aikin sa kai ne, mutum biyu ko uku masu tsoron Allah ne za su yi, su ma su gaji. A fitar da sakamakon simesta kafin a buɗe rajistar ta gaba, domin ba a ba da shawara a kan makin da ba a gani ba. Ɗalibai mata su sami zaɓin malama mace, ofis kuma ya zauna a buɗe. A yi zaman da Hausa in ɗalibi ya fi fahimta da ita, babu dokar hukumar kwalejojin ilimi ta NCCE ko ta NBTE da hakan ya taka.

Sannan kowace kwaleji ta riƙa kai wa majalisar malamai adadi biyu a ƙarshen shekara: nawa muka ɗauka a wannan rukuni, nawa suka fita a kan lokaci, sashe bayan sashe. Magatakarda yana da takardun, kwana biyu sun ishe shi. Shugaban taro, ina neman a rubuta wannan cikin matsayar taron yau, a sa masa ranar da za a kawo rahoton farko.