Launin ƙwai da irin kaza: jawabin da aka yi a taron ƙungiyar Dungu

 

Abin da ya sa muka nemi magana yau shi ne, an kawo mana kuka har lakwal. Wata uwa tamu ta kwashi kuɗin adashinta, ta sayo kaji 3 a kasuwa, don mai sayarwa ya nuna mata jan ƙwai ya ce ya fi farin ƙwai amfani. Yau wata 2 ke nan ba ta ga ƙwai ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu faɗi abin da muka sani.

Na farko, launin ɓawo daga irin kaza yake, ba daga abinci ba. Ƙwai yana yin wajen awa 25 a cikin kaza kafin ta saka shi, kuma a awoyin ƙarshe ne jan launi yake hawa bisa ɓawo. Ku fasa jan ƙwai ku duba cikin ɓawon, fari ne. Abin da ke ciki kuwa, fari ko ja, amfaninsu ga jiki ɗaya ne.

Na biyu, ga irin kajin da ƙwansu. Legon, asalinta Italiya, farar kaza ce siririya, ƙwanta fari fat. Rod Ailan, jar kaza ta Amurka, ƙwanta ja. ISA Brown, wadda aka fitar a Faransa a 1978, ana samun ta a gidajen kiwon kaji nan Nijar da Nijeriya. Ƙwanta ja ne, tana iya yin wajen 300 a shekara in ta samu abinci da magani. Marans ta Faransa ƙwanta ruwan makuba ne. Arokana kuma, ta ƙasar Shili a Amurka ta Kudu, ƙwanta shuɗi-shuɗi ne har cikin ɓawo. Kazar gida, ko durgu ce ko shazumama, ƙwanta ƙarami ne, fari-fari ko mai ɗan duhu, kuma da wuya ta wuce 60 a shekara.

Na uku, yaya za mu gane kaza tun ba ta yi ƙwai ba? Mu dubi fatar kunnenta, ba gashinta ba. Galibi mai farin kunne farin ƙwai take yi, mai jan kunne jan ƙwai. Sannan mu taɓa ƙasusuwan nan biyu da ke gefen duburarta. In yatsa 2 ko 3 sun shiga tsakani, kuma zankonta ja ne mai laushi, tana ƙwai. In yatsa ɗaya ne, zanko ya bushe, ko ba ta fara ba ko ta daina. Masu gidajen kiwo sukan sayar da tsofaffin kaji in ƙwansu ya ragu. Mai yiwuwa irinsu uwarmu ta saya.

Na huɗu, kada mu raina kazar gida. Kazar gidan kiwo da wuya ta yi kwanci, kuma ƴaƴanta ba su kai ta yawan ƙwai. Tamu ita ke kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ita kuma muke sa wa ƙwan zabo, mai taurin ɓawo da tsinin kai, ta yi masa kwana 26 zuwa 28. Wanda ya sayar da kajin gida duka don ya sayi ja, wa zai yi masa kwanci?

Shawararmu ita ce, kafin mu fidda jikka, mu dubi kunne, mu taɓa ƙashi, mu tambayi watannin kaza. Sabuwar kaza mu ware ta sati 2 kafin ta shiga akurki. Kafin hunturu kuma mu nemi ma'aikatan kiwo na Matamaye su yi wa kajinmu rigakafin cutar Niyukasil, don ita ba ta tambayar launin ƙwai.

Allah ya sa albarka cikin kiwonmu.